Sai Gobe

Kakata Tasallah ta ce ba gari suka zo kafawa ba,
kwana ɗaya suka nufa.
Su goma sha bakwai ne da jakuna biyu,
shekara huɗu da barin Haɗeja,
ƙafa ta yi kaushi har ƙaya na karyewa a kanta.
Da la'asar suka gangaro bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinja,
suka tarar ba shuɗi ba ne.
Ja ne kamar kunun kanwa, yana tafe da itatuwa.

Mai jirgin fito ya ɗaga yatsu:
girshi uku kowane kai, jaki biyar.
Nomau ya zazzage lalita a kan buzu,
aka ƙirga, aka sake ƙirgawa.
Kuɗin mutum shida.
Ba wanda ya dubi fuskar wani.
Nomau ya tattara ya ce, "To, sai gobe."

Gobe ta zo, Delu ta haihu a gindin bagaruwa.
Aka ce a bari ta yi arba'in.
Kafin arba'in ruwa ya ja da baya,
ya bar laka baƙa mai santsi kamar hantar rago.
Tasallah na da irin kuɓewa a ƙullin zani,
tun daga gida take yawo da shi, ba ta san dalili ba.
Ta tsuguna, ta tura da ɗan yatsa.
Kuma wa ke shuka kuɓewa ya tafi bai ga furenta ba?

Cindo Bakabe ne, ruwa bai taɓa zama masa baƙo ba.
Ya warware tsohon rawani ya saƙa koma,
ya dawo da ƙarfasa bakwai da giwan ruwa guda
wadda sai da yara biyu suka kama masa wutsiya.
Hayaƙin banda ya haye kogi,
ran Talata sai ga matan makiyaya da ƙoren nono.
Ba su jin Hausa, namu ba su jin Larabci,
hannu ya yi ciniki, dariya ta yi shaida.
Kasuwarmu ke nan. Har yau Talata ce.

Rumfa uku ta zama bukka tara.
Aka jera duwatsu aka fitar da alƙibla.
Wata rana umda ya zo bisa farin jaki da littafin haraji,
ya tambayi wani yaro sunan wurin nan.
Yaro ya zaci ana tambayar yaushe za su tashi,
ya faɗi abin da yake jin manya na faɗa.
Alƙalami ya rubuta, tawada ta bushe.

A shekara ta bakwai kogi ya zo karɓar bashinsa cikin dare.
Ya ɗauke bukkoki, ya ɗauke rumbu biyu
da akuyar Delu.
Suka kwana kan tudu a tsaye, yara a wuya.
Da safe wasu suka ce alama ce, a tafi.
Amma a daren nan Malam Jatau ya cika,
shi da ya ajiye likkafaninsa don Madina.
A tudun aka haƙa masa.
Bayan haka ba wanda ya ƙara ɗaura kaya,
aka fara kwaɓa ƙasa, aka daina yankan ciyawa.

Nomau kuwa, kuɗin fiton ya taru tuntuni.
Jirgin ya saya.
Shekara talatin yana haye da maniyyata,
wanda ba shi da girshi uku ya ce masa,
"Ka ambace ni in ka isa."
Sau dubbai ya taka gaɓar gabas,
ya riƙe igiya har su sauka,
ya bi bayansu da kallo har su shige cikin dawa,
ya juyo da jirgi, don akwai masu jira.

Katakon jirgin na nan a ƙofar masallaci.
A kansa muke zama mu cire takalma.